Faɗuwar Urushalima a hannun Babila: sarkin da ya ji gaskiya ya kasa bin ta

A tsakiyar shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa, ko 587 a lissafin wasu masana, rundunar Nebukadnezzar sarkin Babila ta fasa ganuwar Urushalima, birnin da muka fi sani da Ƙudus ko Baitul Muƙaddas. Shi ne sarkin da littattafan tafsiri ke kira Bukhtanasar. Wata guda bayan haka aka cinna wa Haikalin da Annabi Sulaimanu ya gina wuta, aka rushe ganuwa, aka kora manyan gari zuwa ƙasar da a yau ake kira Iraƙi. Gidan sarautar Annabi Dawuda, wanda ya shekara kusan 400 yana mulki a birnin, ya ƙare a nan.

Birane da yawa sun faɗi a wannan zamani. Abin da ya bambanta Urushalima shi ne akwai mutum ɗaya a cikinta, Irmiya, da ya shafe kusan shekara 40 yana faɗin abin da ke tafe, kuma littafin da ke ɗauke da sunansa ya adana mana gardamar da aka yi a fada da harabar Haikali kafin wuta ta tashi. Da yawa na ɗaukar annabcin nan kamar hukuncin da aka riga aka buga wa hatimi, ba makawa. Wanda ya bi labarin a tsanake zai ga ba haka ba ne. Har saura 'yan watanni a ci birnin, ƙofar tsira a buɗe take, an kuma nuna wa sarkin birnin, Zadakiya, ita da yatsa.

Ƙasar Yahuza, wadda Urushalima ce babban birninta, 'yar ƙarama ce, a maƙale tsakanin Masar daga kudu da Babila daga arewa maso gabas. A 609 Fir'auna Neko ya kashe Sarki Yosiya a Magiddo, ya naɗa Yehoyakim ɗan Yosiya ya riƙa kai masa haraji. A 605 Nebukadnezzar ya ragargaza Masarawa a Karkemish, bakin kogin Furatu, sai Yehoyakim ya koma biyan Babila. A 604 birnin Ashkelon da ke gaɓar teku ya ƙi miƙa wuya, aka mayar da shi kufai, kuma labarin ba zai kasa isa Urushalima ba. Amma a 601 Nebukadnezzar ya kai wa Masar hari bai yi nasara ba, ya koma gida yana gyaran runduna. Yehoyakim ya ga kamar ƙarfin Babila ya ƙare, ya daina biya. Ya mutu kafin sakamakon ya iso, ya bar wa ɗansa Yekoniya, ɗan shekara 18, wanda ya yi wata uku kacal a kan karaga.

Yekoniya ya buɗe ƙofa ya miƙa kansa. Wani allon yumɓu na tarihin sarakunan Babila, da ke gidan tarihi na Birtaniya a Landan, ya rubuta ranar: 2 ga watan Adar, wato 16 ga Maris 597. An tafi da sarki da mahaifiyarsa da fadawa da maƙera da masu sana'a, an kwashi dukiyar Haikali, amma ba a ƙona birnin ba. A riƙe wannan, domin shi ne ma'aunin abin da ya biyo baya. Nebukadnezzar ya ɗauko baffan sarkin, Mattaniya, ɗan shekara 21, ya sauya masa suna zuwa Zadakiya, ya rantsar da shi da sunan Allah cewa ba zai ci amana ba.

To me ya sa mutanen da suka ga wannan da idonsu suka sake tayar da baya? Tushen abin na komawa shekara ta 701, lokacin da Sennakerib na Assuriya ya ci biranen Yahuza ya tasar wa Urushalima a zamanin Sarki Hezekiya, amma ya juya bai shiga ba, kamar yadda Annabi Ishaya ya faɗa. Daga nan aƙida ta kafu cewa birnin da ɗakin Allah ke cikinsa ba ya ciwuwa. Haikali ya zame musu laya: a rataya, a yi abin da aka ga dama.

Irmiya, ɗan gidan firistoci daga ƙauyen Anatot da ke arewa da birnin kaɗan, ya tsaya a ƙofar Haikalin a farkon mulkin Yehoyakim ya taɓa wannan aƙida a inda ta fi zafi. Ya ce kada su dogara ga maimaita cewa wannan Haikalin Ubangiji ne alhali suna zaluntar baƙo da maraya da gwauruwa, suna zub da jinin marar laifi, suna bin gumaka. Ya ce su je Shilo, inda wurin ibada ya fara zama, su ga abin da ya rage. Firistoci da annabawan fada suka cafke shi suna neman a kashe shi. Wasu dattawa ne suka tashi suka tuna wa jama'a cewa annabi Mika na Moreshet ya taɓa cewa za a nome Sihiyona, wato Urushalima, kamar gona, Hezekiya kuma bai kashe shi ba, sai ya ji tsoron Allah aka ɗauke masifar. Dattawan nan sun fahimci annabci fiye da malaman Haikali. A ganinsu gargaɗi ne da ake yi domin kada abin ya faru. Shi ma Irmiya haka ya faɗa a sura ta 18 ta littafinsa: idan Allah ya yi maganar tumɓuke wata al'umma, ta kuma juya daga muguntarta, zai janye. Wani mai wa'azi irinsa, Uriya, bai sami masu kare shi ba. Ya gudu Masar, aka bi shi aka dawo da shi, sarki ya sa aka sare shi.

Akwai wani yanayi da ke nuna halin fadar Yehoyakim sarai. Irmiya ya shifta wa magatakardansa Baruk maganganunsa duka a naɗaɗɗen littafi. Lokacin sanyi ne, sarki na zaune a ɗakin hunturu da kaskon wuta a gabansa. Mai karatu ya karanta shafi uku ko huɗu, sai sarki ya sa wuƙar fiƙe alƙalami ya yanke ya jefa a wuta, a haka har littafin ya ƙare. Fadawa uku sun roƙe shi ya bari, bai saurara ba. Irmiya da Baruk suka sake rubuta wani, suka ƙara a kai.

Gardamar da ta fi muhimmanci ta faru a shekara ta huɗu ta Zadakiya, wajen 594. Jim kaɗan kafin nan an yi tawaye a cikin Babila kanta, allon tarihin nan ya ambace shi, kuma ko da yake an murƙushe shi, ya sa ƙananan sarakuna sun fara lissafi. Jakadun Edom da Mowab da Ammon da Taya da Sidon suka hallara a Urushalima. Sai Irmiya ya fito da karkiyar itace ɗaure a wuyansa, irin wadda ake sa wa shanun noma, ya aika wa sarakunan cewa duk wanda ya sa wuyansa a karkiyar Babila zai zauna a ƙasarsa ya nome ta, wanda ya ƙi kuma takobi da yunwa da annoba ne rabonsa.

A wata na biyar, a gaban firistoci da jama'a, wani mai suna Hananiya ɗan Azzur daga Gibeyon ya tashi, shi ma da sunan Ubangiji, ya ce an karya karkiyar Babila, nan da shekara biyu kayan Haikali za su dawo, Yekoniya da sauran kamammu za su dawo. Ka sa kanka a matsayin mutumin da ke tsaye a harabar ranar. Mutum biyu, duka suna cewa Allah ne ya aiko su. Ɗaya na faɗin abin da ya yi daidai da abin da Ishaya ya faɗa shekara 100 da suka wuce ya kuma tabbata, ɗayan na cewa a durƙusa wa mai bautar gumaka. Ba na ganin adalci ne a ce jama'ar wawaye ne don sun karkata ga Hananiya. Amsar Irmiya ma ba ta faɗa ba ce. Ya ce amin, Allah ya sa haka. Sannan ya ƙara da cewa annabawan da suka gabata yaƙi da masifa suka yi gargaɗi a kai, mai albishir da zaman lafiya kuwa sai maganarsa ta cika za a san aiko shi aka yi. Hananiya ya fizge karkiyar daga wuyansa ya karya. Irmiya ya kama hanyarsa bai ce uffan ba. Daga baya ya dawo ya ce an karya ta itace, ta ƙarfe za ta maye gurbinta, Hananiya kuma ba zai ga ƙarshen shekarar ba. Littafin ya ce ya mutu a wata na bakwai.

A wannan tsakani ne Irmiya ya aika wa waɗanda ke Babila wasiƙa cewa su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure su aurar, su roƙa wa garin da aka kai su alheri, domin sai shekara 70 ta cika. Wani daga cikinsu ya rubuto wa hukumar Haikali yana tambayar dalilin da ya sa ba a sa wannan mahaukaci a turu ba.

Maganar tawaye ta lafa na ɗan lokaci, sannan Fir'auna Hofra ya hau mulki a 589, 'yan ɓangaren Masar a fada suka rinjayi sarki. Zadakiya ya karya rantsuwarsa. Annabi Ezekiyel, wanda ke cikin kamammun 597, ya ɗauki wannan a matsayin babban laifi, domin rantsuwar da aka yi da sunan Allah ba ta warwarewa don wanda aka yi wa arne ne. A rana ta 10 ga wata na 10 a shekara ta tara ta Zadakiya, Babilawa suka yi wa birnin ƙawanya.

Da wuya ta yi wuya, sarki da manyan gari suka shiga Haikali suka yi alkawarin 'yanta bayinsu Ibraniyawa, abin da Attaura ta wajabta bayan shekara shida na bauta amma aka yi watsi da shi. Suka yanka maraƙi suka raba biyu suka ratsa tsakani, yadda ake ƙulla alkawari mai nauyi. Sai labari ya zo cewa rundunar Masar ta fito, Babilawa suka janye don su tare ta. Nan take masu bayi suka bi bayinsu suka sake kamawa. Duk cikin labarin ba abin da ya fi wannan ɓata mini rai, kuma shi ya fi nuna cewa zargin da Irmiya ke yi musu ba ƙage ba ne. Masarawa suka koma gida, ƙawanya ta dawo.

A wannan ɗan sarari ne Irmiya ya nufi ƙasar Biliyaminu, yankin ƙauyensu, kan wata maganar gado, mai gadin ƙofa ya kama shi ya ce zai gudu wurin abokan gaba ne. Aka yi masa duka aka jefa shi kurkuku a gidan Jonatan magatakarda. Zadakiya ya aika aka kawo shi a ɓoye, ya tambaye shi ko akwai wata magana daga Ubangiji. Ya ce akwai: za a bashe ka a hannun sarkin Babila. Ya kuma tambayi sarki ina annabawansa da suka ce Babila ba za ta zo ba. Sarki bai hukunta shi ba. Ya sa aka mayar da shi farfajiyar masu gadi, a riƙa ba shi gurasa ɗaya kullum daga layin masu tuya, har ranar da gurasa ta ƙare a birnin.

Daga can ma bai yi shiru ba, yana cewa wanda ya fita ya miƙa kansa zai tsira da ransa. Hakimai huɗu suka je wa sarki suka ce a kashe mutumin nan, yana kashe wa sojojin da suka rage gwiwa. Ta fuskar yaƙi ba su yi ƙarya ba. Amsar sarki ce abin dubawa: ga shi nan a hannunku, sarki ba shi da ikon hana ku. Suka zura shi da igiya cikin wata rijiyar tara ruwan sama da ba ruwa sai laka, ya nutse a ciki. Wanda ya tsaya masa baƙo ne, Ebed-melek, bafade mutumin Kush, ƙasar da ke kudu da Masar inda Sudan take a yau. Ya tari sarki a bainar jama'a a Ƙofar Biliyaminu ya ce an yi mugunta, mutumin zai mutu da yunwa. Sarkin da ya ba da shi jiya, yau ya ce a ciro shi. Ebed-melek ya biya ta ɗakin ajiya ya kwaso tsummoki, ya zura masa, ya ce ya sa su a hammata ƙarƙashin igiyar don kada ta yanke shi.

Sai ganawa ta ƙarshe, a wata ƙofar Haikali, su biyu. Irmiya ya ce in na faɗa maka kashe ni za ka yi, in na ba ka shawara ba za ka bi ba. Sarki ya rantse ba zai kashe shi ba. Ya ce masa in ka fita ka miƙa kanka ga hafsoshin Babila, za ka rayu kai da iyalinka, ba kuma za a ƙona birnin nan ba. Zadakiya bai ce ƙarya ne ba, bai ce Allah zai kare ɗakinsa ba. Cewa ya yi yana tsoron Yahudawan da suka riga suka koma wurin Babilawa, kada a miƙa shi gare su su wulaƙanta shi. Sannan ya roƙi Irmiya kada hakimai su ji abin da aka tattauna. Mutum ne da ya san gaskiya, yana nemanta da dare, gari ya waye ya ji tsoron fadawansa. A ganina a wannan zama birnin ya faɗi, abin da ya biyo baya cikawa ce kawai.

Masu kiran Irmiya maci amana sai su dubi abu biyu. Yana tsare, birni na kewaye, ɗan baffansa Hanamel ya zo masa da tayin gona a Anatot, yankin da abokan gaba suka mamaye. Ya saya a kan shekel 17 na azurfa, aka rubuta takarda biyu, ɗaya a liƙe ɗaya a buɗe, shaidu suka sa hannu, ya ce Baruk ya adana su a tulun yumɓu don su daɗe, domin za a sake sayen gidaje da gonaki a ƙasar. Na biyu, bayan an ci birnin Babilawa sun ba shi zaɓi ya bi su a kula da shi, ya zaɓi zama da talakawan da aka bari.

Yunwa ta ci birnin kafin takobi. Littafin Makoki ya ba da hoton yara suna roƙon abinci ba mai ba su, 'ya'yan masu hali suna kwana a juji, har mata suna dafa 'ya'yansu. A rana ta 9 ga wata na huɗu a shekara ta 11 aka fasa ganuwa. Zadakiya ya sulale da dare ta ƙofar da ke kusa da lambun sarki, aka cim masa a filayen Yariko, aka kai shi Ribla a ƙasar Siriya. Aka yanka 'ya'yansa a gabansa, aka ƙwaƙule idanunsa, aka sa masa mari na tagulla zuwa Babila. Masanin tarihin Yahudawa Yosifus ya rubuta cewa sarkin ya raina annabawan ne saboda ya ga kamar sun saɓa wa juna: Irmiya ya ce zai ga sarkin Babila ido da ido, Ezekiyel ya ce za a kai shi Babila amma ba zai gan ta ba. A wata na biyar Nebuzaradan shugaban dogarai ya ƙona Haikali da fada, aka farfasa ginshiƙan tagulla biyu da babban kwarniyar tagulla aka tafi da su. Gedaliya, wanda aka naɗa gwamna a Mizfa, wani ɗan gidan sarauta mai suna Isma'ilu ya kashe shi, sauran jama'a suka tsorata suka gudu Masar, suka tafi da Irmiya dole, duk da ya ce su zauna.

Ƙasa ma ta ba da tata shaidar. A 1935 masu tono a Lakish suka sami wasiƙun soja rubuce da tawada a kan tsingaro. A ɗaya, wani hafsa na cewa suna sa ido kan alamun wutar Lakish domin ba sa hango Azeka, littafin Irmiya kuma ya ce waɗannan biyun ne biranen ganuwa na ƙarshe da suka rage. A tsohuwar Urushalima an tono ɗakunan da suka ƙone da kawunan kibau a cikin toka. A 2005 da 2008 mai binciken kayan tarihi Eilat Mazar ta sami tambarin hatimin Yehukal ɗan Shelemiya da na Gedaliya ɗan Fashur (ba gwamnan nan ba), biyu daga hakiman da suka nemi a kashe Irmiya. A Babila kuma an sami alluna masu lissafin man da ake ba Yekoniya sarkin Yahuza da 'ya'yansa biyar. Wanda ya miƙa wuya ya rayu ana ciyar da shi daga taskar sarki.

Wannan duka na tabbatar da yanayi da mutane, ba ya yanke hukunci kan wahayi. Masana da yawa na cewa an tsara littafin an kuma yi masa ƙari bayan faɗuwar, kuma gaskiya ne cewa tsohuwar fassarar Girkanci ta fi rubutun Ibrananci gajarta da kusan kashi ɗaya cikin takwas. Sai dai akwai maganganun da mai rubutu bayan aukuwa ba zai ƙirƙira ba. An ce wa Zadakiya zai mutu cikin salama a yi masa makoki irin na kakanninsa, ya ƙare makaho a kurkuku. An ce Yehoyakim ba zai sami magaji a karagar Dawuda ba, ɗansa ya hau na wata uku. Barin irin waɗannan a cikin littafin na nuna masu tattarawa sun tarar da maganganu ne suka adana, kuma alkawarin da aka yi wa Zadakiya ya fi dacewa da abu mai sharaɗi wanda bai cika sharaɗinsa ba.

Shekara 70 ɗin ma ana lissafa ta iri biyu. Daga 609, lokacin da daular Assuriya ta ƙare Babila ta zama mai faɗa a ji, zuwa 539 da Sairus na Farisa ya ci Babila, 70 ne. Daga ƙona Haikali a 586 zuwa kammala na biyu a shekara ta shida ta Dariyus, wajen 516, shi ma 70 ne. Ga mai karatu Musulmi, farkon Suratul Isra'i, aya ta 4 zuwa 7, ya yi maganar ɓarna sau biyu da Bani Isra'ila za su yi da kuma bayi masu tsananin ƙarfi da za a aiko a kansu, malaman tafsiri da dama kuma sun ambaci Bukhtanasar a nan. A aya ta 259 ta Baƙara, mutumin da ya wuce ta wata alƙarya da ta ruguje, wasu sun ce Uzairu ne, wasu sun ce Irmiya. Haikali na biyu ya tsaya har shekara ta 70 bayan haihuwar Annabi Isa, lokacin da Titus na Rum ya ƙona shi a watan Ab, watan da na farko ya ƙone, kuma Yahudawa na azumin rana ta 9 ga watan domin duka biyun.